Zaman Bayan Tuwo

Wani dare cikin daminar 1998, na dawo daga sallar isha'i na kishingiɗa a tabarmata, sai na ji wani sauti daga bayan ɗakin girki. Ba kuka ba ne, kuma ba tari ba. Ya fi kama da tulu mai ƙaramin baki idan aka kifa shi, ruwa na son fita, iska na son shiga, suna rigima a wuya. Ya yi ya ɗauke, ya sake yi. Daga nan na ji an zuba ruwa, an ja tsintsiya a ƙasa.

Ni mutum ne mai son abin da bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Sunana Attahiru, a Tudun Wadar Gusau nake zaune. Na yi aikin reluwe, ina tare motoci da jakuna idan jirgin Ƙaura zai wuce, har ƙafafuna suka gaji aka sallame ni. Bokona bai wuce aji uku na elemantare ba. A ɗakina akwai wani akwatin ƙarfe da nake ajiye abubuwan da na tsinta a duniya: zangarniyar gero mai kai biyu, ƙahon rago da ya murɗe ya koma cikin kansa, wani baƙin dutse mai santsi da wani Bafillace ya rantse mini daga sama ya faɗo, da mabuɗin da ban taɓa samun ƙofarsa ba. Matata Ladidi, wadda duk unguwa ke kira Inna, cewa take shara ce na saya wa kwaɗo.

Don haka da na ji sautin nan, murna na yi. Na ce ko bushiya ce, ko wani ƙaton kwaɗo ya biyo lambatu ya shigo mana. Da gari ya waye na zagaya neman sawu. Babu sawu. An share wurin tas, an barbaɗa toka. Na daɗe tsaye ina tunanin dabbar da ke share wurinta ta barbaɗa toka.

Mu uku ne a gidan: ni, da Ladidi, da jikarmu Bara'atu, 'yar ɗana Mannir da ke noma a Tsafe. Tun da aka yaye ta take hannunmu. A lokacin shekarunta goma sha tara, tana kwalejin horon malamai a nan cikin gari, ta tafi da safe ta dawo da la'asar. Yarinya ce madaidaiciya, ba a ce mata siririya ba a ce mata mai jiki. Kwano ɗaya suke ci da kakarta, kuma abin da mutum ke ci shi take ci, ba ta wasa da tuwo, ba ta kuma neman ƙari. Ni Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Tsoho.

"Amarya, yaushe za ki gama karatun ga ki zo ki riƙa dama mini fura?"

"Ran da ka yi sabbin haƙora, Tsoho. Ni ba ni auren mai tauna da dasashi."

Bayan 'yan kwanaki na ɗauki tocila na zauna a inuwar katanga ina dakon dabbata. Sai ga Bara'atu ta fito da buta a hannu, ɗaya hannun cike da toka. Ta duba hagu da dama, ta durƙusa. Ban kunna tocilar ba. Na zauna kamar kututture har ta gama, ta share, ta wanke baki, ta koma ɗaki tana 'yar waƙarta a hankali kamar ba abin da ya faru.

Da safe na gaya wa Ladidi. Ta ajiye ludayi ta dube ni, ta tashi ta shiga ɗakin yarinyar ta saki labule. Sun jima. Da ta fito fuskarta ta saki.

"Ba abin da kake tsoro ba ne, Malam."

"Ni na ce ina tsoron wani abu?"

"Gemunka ya ce. Dattin ciki ne. Abincin makaranta, man da ba a san asalinshi ba. Ka bar ni da ita."

A wajenmu duk wanda cikinsa ya ɓaci, wanke shi ake yi. Haka muka taso muka tarar. Ladidi kuwa ta yi suna a nan, har daga Magami mata kan aiko a karɓi haɗinta. Ta sauko da damin filasko daga rataye, ta jiƙa da tsamiya da ɗan jar kanwa, ta tace a kwanon sha. Wanda bai taɓa shan filasko ba, ba zai gane ba. Mannir yana yaro sai an danne shi an toshe masa hanci kafin ya haɗiye. Bara'atu ta karɓa da hannu biyu, ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta ga gindin kwano.

"Inna, akwai saura?"

Ladidi ta juyo ta dube ni da alfahari. "Ka gani? Jinina ce. Ba irin ɗiyanka masu raki ba."

Aka yi ta wankin ciki. Sautin bayan ɗakin girki bai daina ba, sai Ladidi ta ce dattin ne ke fita ta sama da ta ƙasa. Damin filasko ya riƙa raguwa fiye da yadda take ɗiba, ta ce ɓeraye ne. Na so ƙwarai in ga ɓeran da ke cin filasko, na ɗana tarko, ban kama komai ba. Kumatun Bara'atu suka ɗan tasa ta wajen kunne, Ladidi ta ce magani ya karɓe ta, ta fara cika. Ni kuma idona na tsintar ƙananan abubuwa. Na ga wani tabo ya fito mata a bayan hannu, daidai gaɓar yatsu. Na ga ta daina shan ruwan randa, sai ta ɗiba a moɗa ta ajiye a rana ya huce sanyinsa, wai haƙoranta ba sa so. Na ajiye waɗannan a raina yadda nake ajiye dutse a akwati, ban san me zan yi da su ba.

Ana cikin haka aka tura su koyarwar gwaji. Ita aka ba ta wata firamare a Bungudu, tana bin motar safe. Wata Laraba da hantsi wani malamin makarantar ya zo a babur ya yi sallama a zaure. Ya ce tana tsaye gaban allo da alli a hannu, sai ta dafa ƙirji ta sulale ƙasa. An kai ta asibitin Bungudu.

Muka same ta kwance ana yi mata ƙarin ruwa. Ta buɗe ido ta gan ni.

"Tsoho, ka zo gadon kayana?"

"Mi gare ki ban da alli?"

Likitan matashi ne mai tabarau, sunansa Lukuman. Ya riga ya zauna da ita su biyu ya yi mata tambayoyi, kuma ta yarda ya gaya mana. Ya kai mu ofishinsa ya ba Ladidi kujera, ni na zauna a benci.

"Baba, jikarku ba cikinta ne ke ƙin abinci ba," in ji shi. "Ita ce ke fitar da shi da kanta, bayan ta ci. Ta fi shekara tana yi."

"Da gangan?" in ji Ladidi. "Tuwon nawa?"

"Ba tuwonki ne da laifi ba, Inna. Ciwo ne, kuma ba ita ta fara shi ba a duniya. Tsoron ƙiba ne ke kama mutum har ya fi ƙarfinsa. Yana zuwa kala-kala. Akwai wadda za ta ƙi ci har ta koma ƙashi da fata, tana duba madubi tana ganin ƙatuwa. Wannan kowa na ganinta da ido. Akwai kuma wadda ci ke ƙwace mata, ta ɓuya ta cinye abincin gida guda ba ta iya tsayawa, sannan kunya ta rufe ta ta je ta fitar. Taku ba ta yin ko ɗaya. Tana cin daidai, jikinta daidai, amma sai ta fitar."

Na matso bakin benci. "Likita, mi ne ne sunanshi?"

"Biyun farko kowanne da sunansa a littattafanmu. Wannan ba a raɗa masa ba tukuna. An tura shi cikin ragowa."

Ciwon da ba a yi wa suna ba, kuma a gidana yake kwana. Na juya maganar a raina.

"To ai da sauƙi," in ji Ladidi, "tunda ba ta rame ba."

"Rashin ramar ce ta ɓoye shi, Inna. Akwai wani gishiri a cikin jini wanda zuciya ke bugawa da shi. Amai na wanke shi, zawo na wanke shi. Shi ya ƙare mata yau ta faɗi. Wata ba ta tashi."

"Zawo kuma?" Muryar Ladidi ta yi ƙasa. "Ni fa nike ba ta filasko."

Likita ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa. "Ta gaya mini. Ta ce har na rataye tana ɗiba. Kin ba ta ne don ta warke, Inna, kowa ya san haka. Amma shi ciwon abin da yake nema ke nan. Daga yau kada ya sake kwana a gidan."

Ladidi ta ja gyale ta rufe fuska. Tun rasuwar mahaifiyarta ban ga ta yi kuka gaban baƙo ba.

Na ce, "Ana warkewa?"

"Ba zan yi maka alkawari ba, Baba. Masu ƙin ci su suka fi wuyar dawowa, su ne kuma aka fi rasawa. Masu ci da yawa su fitar, da dama suna dainawa idan aka dage da su, wasu kuma ya tafi ya dawo. Irin nata ba a bi sawunsu sosai ba. Zatona hanyarsu ɗaya da na biyun, kuma kada wani ya ce maka ƙaramin ciwo ne. Babu allurar da ke kashe shi. Ta riƙa cin abinci kan lokaci. Ta riƙa zuwa duk mako mu yi magana, in duba jininta. Sannan duk sanda ta ci, wani ya zauna da ita har abin ya sake ta. Yakan taso kamar hadari, in an jira yana wucewa."

"Gadi ke nan."

"A'a. In ta ji gadi ne za ta koyi ɓuya. Zama na ce."

Da yamma, Ladidi ta fita alwala, na zauna bakin gadon Bara'atu. Ba ta dube ni ba, robar ƙarin ruwan take kallo.

"Ran da za a ɗinka mana kayan makaranta," in ji ta, "telan ya auna ƙuguna ya faɗi da ƙarfi, ya ce wannan sai an ƙaro yadi. Aka yi dariya. Wasa yake yi, Tsoho, na sani. Amma tun ran nan in na ci abinci sai in ji shi zaune cikina kamar dutse, ina jin yana zama nama. In na fitar sai in ji na yi sakayau. Wata 'yar ajinmu ta nuna mini. Ita ta daina tuni, ni na kasa."

"Ke da ko iska mai ƙarfi sai ta nemi izini kafin ta kaɗa ki?"

"Ka ga, kai ma ka ce ni mai nauyi ce."

Na kama bakina. A ranar na gane wasan jiki ya ƙare tsakanina da Amarya, sai dai mu nemi wani.

Muna komawa gida Ladidi ta sauke damin filasko ta cusa a murhu. Hayaƙinsa ya kori kajin maƙwabta.

Zama ya faɗo kaina, don Ladidi ba ta iya zama ba ta yi faɗa ko kuka ba. Da an sauke kwano sai in jawo akwatina tsakar gida in buɗe. Kwanakin farko ba daɗi. Bara'atu ta riƙa karkaɗa ƙafa, gumi na tsattsafo mata a goshi, idonta na kan buta.

"Ka mai da ni fursuna."

"Fursuna ba ya samun mai ba shi labari. Riƙe dutsen ga. Kin san daga ina ya faɗo?"

"Daga bakin rafi. Bafillacen ya cuce ka."

"To ji yadda anka yi."

Na ba ta labarin dutsen, na ba ta na akuyar da ta hau rufin jirgi a Funtuwa ta sauka a Gusau ba tikiti, na ba ta na mikiyoyin dutsen Kwatarkwashi da yadda ake hawa a kamo su da hannu. In na ƙara gishiri sai ta kama ni.

"Jiya ka ce akuyar baƙa ce."

"Hayaƙin jirgi ne ya rina ta. Fara ce."

Wani lokaci tana cikin gardama sai in ga ƙafar ta daina karkaɗawa, kafaɗunta sun sauka. Wani lokaci kuma sai ta miƙe tsakiyar magana ta ɗauki buta, in bi ta da ido. In ta dawo ta zauna nesa, sai in ci gaba daga inda na tsaya. Akwai makon da ta yi lafiya lau, akwai wanda muka koma baya kamar ba a fara ba. A makaranta kuwa ba ni nan, sai abin da ta gaya wa likita. Amma kumatun sun fara saɓewa, kuma ya ce jinin na gyaruwa.

Ana saura kaɗan a yi dogon hutu sai ga Mannir daga Tsafe. Labarin faɗuwar ya kai masa. Ya durƙusa ya gaishe ni a zaure, ya tambayi Inna, ya tambayi ƙafata, sannan ya dubi ƙasa ya ce, "Ya yaran?"

Yarinya ɗaya ce a gidan. Amma Bara'atu 'yar farinsa ce, kuma a wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama inda yake, ba ya yi masa magana sai ta bakin wani. Uwa ma haka. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita aka san mai tarbiyya. Tun da aka haife ta ban taɓa jin sunanta a bakin Mannir ba.

Na kwashe duk abin da likita ya ce na gaya masa. Ya saurara yana murza hularsa.

"Baba, ciwon da ba shi da suna? Mutum ya ci ya ƙoshi ya tai ya zubar, a ce ciwo ne? Mu da muke roƙon Allah gero ya kai mu baɗi?"

"Na gani da idona, Mannir."

"Bokon ga ne. Can ta gano shi. A haɗa mata kayanta, in anka yi hutu ta taho gida. In ta zo ta zo ke nan. Ta yi surfe ta yi daka, ta ji yunwa ta gaskiya, mu gani in za ta zubar."

"Likitan fa?"

"Allah shi ne likita."

"To wa zai zamna da ita in ta ci?"

Ya ɗago. "Zamna?"

Na sake yi masa bayani. Ƙannenta ƙanana ne, ba za su iya ba. Sai shi ko uwarta.

"Ni in zamna da ita?" Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Baba, kai ka taɓa zama tabarma ɗaya da Yaya Haruna?"

Wanda ya ambata ɗin shi ne ɗan farina. Yana Kaduna da jikokinsa, kuma ban taɓa ba. Uba ne, 'yarsa ce, ba ni da ikon hana shi. Amma na san gidan Tsafe. Akwai bayan rumbu, akwai gonar masara har bakin katanga, akwai mai tallar filasko duk ranar kasuwa, kuma babu mutum ɗaya da al'ada ta yarda ya zauna kusa da ita.

"To ni ma ina zuwa hutu," na ce.

"Baba, ƙafarka."

"Da ita zan zo."

Ranar tafiya ba mu sami bas ba, sai a-kori-kura. Akwatina ya yi nauyi, direba ya ce sai dai a bar shi, aka bar shi. Muna wuce Kwatarkwashi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Bara'atu ta lulluɓa mini gyalenta, amma kafin mu shiga Tsafe na jiƙe har ƙashi. Na kwana da zazzaɓi. Da gari ya waye na buɗe baki zan amsa gaisuwa, sai iska ta fito. Murya ta tafi gaba ɗaya.

Da safe kunu kawai Bara'atu ta kurɓa, muka lallaɓa. Da rana uwarta ta yi dambu da zogale, ta aiko ƙaramar ƙanwar Bara'atu da kwano, ita ta shige ɗaki ta saki labule. Aka yi mini shimfiɗa a gindin darbejiyar tsakar gida. Bara'atu ta zauna gefena ta ci, a hankali, kamar mai tafiya kan ƙaya. Ta wanke hannu. Muka dubi juna.

Na gwada. Na ce akuya, abin da ya fito bai fi hucin maciji ba. Na gwada da hannu, na yi ƙaho a kaina, na yi jirgi. Ta yi murmushi don ta faranta mini, amma ƙafar ta fara karkaɗawa. Gumi ya fito. Ga buta can jikin randa, ga hanyar bayan rumbu a buɗe. Ta dafa ƙasa da hannu ɗaya za ta miƙe. Na riƙo bakin zanenta, ta dube ni idonta cike da hawaye.

"Tsoho, sake ni. Yau kaɗai."

Ashe Mannir na zaure yana fere ƙotar fartanya, kuma daga zauren ana hango gindin darbejiya. Sai na ji takunsa. Ya shigo da ƙotar da wuƙarsa, ya kifa turmi ɗan nesa da mu, ya zauna ya ba 'yarsa rabin baya, fuskarsa na kallon turken awaki. Ya yi gyaran murya.

"Baba," in ji shi, "na gaya maka kuwa abin da saniyar Bala ta haifa?"

Na girgiza kai.

"Maraƙi. Da farin zobe a ido guda." Ya fere ƙota. "Kamar tabarau."

Shi ke nan labarin ya ƙare. Mannir bai gaji bakina ba, tun yana yaro in an aike shi da magana rabi yake kaiwa. Ya ci gaba da jan wuƙa a jikin itace. Bara'atu na nan rabi a tsaye rabi a zaune, ta kasa gaba ta kasa baya, don ba a tashi a bar uba yana magana.

"Ɗayan idon ba zobe," ya ƙara.

Ta koma ta zauna.

Ya lalubo wani. Ya ce bana dawar fadama ta fi mutum tsawo. Ya ce an ga kada a gulbi, amma wanda ya gani ɗin ba a cika yarda da shi ba. Ya ce jakin liman ya koyi buɗe ƙyaure da haƙori. Duk ni yake gaya wa, ni kuma ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Kunnuwansa har rawa suke don kunya, ƙotar kuwa ya fere ta har ta kusa zama tsinke. Na ga labulen ɗakin uwar ya motsa, an ɗan ɗage shi daga ƙasa. A hankali ƙafar Bara'atu ta lafa. Ta share fuska da bayan hannu.

Can Mannir ya ce, "Baba, yaushe ne makarantar tasu ke komawa?"

Na buɗe baki, iska. Na nuna maƙogwarona. Ya jira, bai juyo ba. Babu mai amsawa sai mutum ɗaya.

"Bayan an yanke gero, Baba," in ji Bara'atu, muryarta can ƙasa.

Ya gyaɗa wa ƙotar kai. "Shi kuma likitan na Bungudu, wace rana ake ganinshi?"

"Laraba."

"Laraba akwai mota tun da safe," ya gaya wa awaki.

Bai tashi ba. Ya jawo wata ƙotar ya fara ferewa, ya koma kan maraƙin Bala, wai an ce in ya girma zoben zai ɓace, shi dai bai yarda ba. Muna nan zaune mu uku sai maƙwabciyarsu Adama, wata dattijuwa da ta ga haihuwar kowa a layin, ta yi sallama ta shigo aron rariya. Ta zo tsakiyar gida ta tsaya cak. Ta dubi Mannir a kan turmi, ta dubi Bara'atu, ta dubi kwanon dambu da ba komai a cikinsa, ta dafa haɓa.

"Ikon Allah! Mannir, kai ne zamne da ɗiyar fari da rana tsaka? Mi ya faru gidan ga?"

Ni ba murya, Bara'atu ta sunkuyar da kai, Mannir ya ci gaba da fere ƙotarsa.